Kibod mai gajerun madannai: wanne ya dace da yatsunka?

Daga Kinkinau zuwa Tudun Wada, inda babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take, shagunan buga takardu ba sa rasa aiki: firojek ɗin ɗalibai, takardar neman aiki, katin gayyatar ɗaurin aure. Kibod ɗin da ke shan duka a irin waɗannan shaguna galibi na roba ne, wanda ke zuwa tare da kwamfutar HP ko Dell ta hannu. Sai an danna shi har ƙasa kafin harafi ya fito, shi ya sa mai buga takardu kan tashi da yamma yatsu da wuyan hannu sun yi tsami.

Akwai wani kibod da kowane madanninsa ke da ɗan injinsa a ƙarƙashi, da sifirin a ciki. Wannan inji shi ake kira suwic. Na kamfanin Cherry na Jamus, mai suna MX, ya fi kowanne suna, amma dogo ne: milimita 18.5, kuma madanni na nutsewa milimita 4. A 2018 kamfanin ya fito da gajerensa mai milimita 11.9, yana nutsewa 3.2, harafi kuma na fita tun a 1.2. Kamfanonin Kailh da Gateron na ƙasar Sin su ma suna da nasu. Na Kailh sunansa Choc. Amfanin gajartar shi ne hannu ya kwanta kusa da tebur, ba sai an ɗaga wuyan hannu ba.

Inda ake jayayya shi ne abin da yatsa ke ji, kuma da launi ake bambance su.

Ja yana zamewa sumul daga sama har ƙasa, babu tangarɗa, babu ƙara. Masu wasan kwamfuta na sonsa saboda sauri. Amma ga mai buga takarda yana da illa: tunda tafiyar gajera ce, yatsa na ɗan gogar madannin maƙwabci sai harafi ya faɗo, a yi ta gogewa.

Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar hanya. Yatsa na ƙetare shi ya san harafi ya fita, sai ya ɗaga ya wuce gaba ba tare da ya daki ƙasa ba. Ga wanda ke wuni yana kwafe rubutun hannu, idonsa na kan takarda ba kan allo ba, wannan ɗan tudun shi ne ke ba shi labari, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ya fi cancanta a fara gwadawa. Sai dai a faɗi gaskiya, a gajeren suwic tudun bai kai na dogon fitowa fili ba. Wanda hannunsa ke da nauyi, musamman dattawan da suka koyi aiki a kan tafireta, yana iya wuce shi bai ji komai ba.

Irin waɗannan su ne kan so mai ƙas-ƙas, shuɗi a wurin Gateron, fari a wurin Kailh. Daɗinsa a kunne ba a magana. Amma shagon da mutum huɗu ke zaune kafaɗa da kafaɗa, ko ɗakin da yara ke barci, ba wurinsa ba ne. Logitech ma da ta fito da kibod ɗinta MX Mechanical a 2022, duka ukun ta ajiye wa mai saye ya zaɓa.

Hunturun Kaduna na da nasa hukuncin. Ƙura na shiga suwic ta sa harafi ya riƙa fitowa biyu-biyu ko ya ƙi fitowa sam. Saboda haka kibod ɗin da ake iya zare suwic ɗinsa da hannu a sa wani ba tare da dalma ba, kamar wasu na Keychron da NuPhy, ya fi dacewa da nan, ko da ya ɗan fi tsada. Ana zare guda ɗayan da ya lalace ne kawai. Hakan kuma na ba mutum damar sayen 'yan ƙwayoyi na kowane launi ya gwada kafin ya zuba kuɗi.

Mai yin oda daga waje ya lura da abu ɗaya: gajerun suwic ba sa shiga gurbin juna. Na Gateron ba ya zama a ramin Choc, kuma Choc na farko ƙafa biyu gare shi a sama maimakon alamar tarawa irin ta MX, don haka murfin madannan da aka saba gani ba ya hawa kansa.