Kwarin Tarka da wasan kwaikwayon wani Bajamushe

Duk wanda ya taɓa zama a zauren sarki ko a ofishin hukuma a Dakoro bayan ɗaukewar damina, ya san ƙarar da ta fi yawa. Manomi ya zo ya ce bisashe sun shiga gonarsa, makiyayi kuma ya amsa cewa gonar ce ta shiga burtali. Kowa da shaidunsa, kowa da kakan da yake ambata. Abin mamaki shi ne, a cikin adabin ƙasar Jamus akwai wani shahararren wasan kwaikwayo da ya buɗe da irin wannan ƙara: makiyaya da manoma suna jayayya a kan kwari guda. Sunansa da Hausa zai zama "Da'irar Alli ta Kokasus". Malaman jami'a sun daɗe suna nazarinsa, kuma akwai wurin da suka yi saɓani wanda mutumin Dakoro yake da abin cewa a kansa.

Mai wasan shi ne Bertolt Brecht. An haife shi a garin Ogsburg a 1898. Da Hitila ya hau mulki a 1933 sai ya gudu daga Jamus, aka ƙone littattafansa a bayansa. Ya zauna a Danmak, da Suwidin, da Finlan, kana ya isa Amurka a 1941. A can ne ya rubuta wannan wasa a 1944, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba. Ɗalibai ne suka fara nuna shi da Ingilishi a Amurka a 1948. Shi da kansa ya shirya shi da Jamusanci a Barlin ta Gabas a 1954, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Adabin Jamus ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa, ko da bai sani ba. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaran "Magana Jari Ce" daga tatsuniyoyin da ƴan'uwan nan biyu, su Grimm, suka tattara a Jamus, ya sa musu riga da hula irin na gida har ba a gane su. Shi ma Brecht aro ya yi: ya samo gindin labarinsa daga wani tsohon wasa na ƙasar Sin.

Jayayyar kwari

Wasan ya buɗe a ƙasar Jojiya, cikin duwatsun Kokasus, bayan an kori sojan Hitila. Mutanen ƙauyuka biyu sun zauna a kangon wani gari da yaƙi ya rushe, tare da wakilin gwamnati. Ƙauye ɗaya na masu kiwon awaki ne. Kwarin nasu ne tun kaka da kakanni, amma da abokan gaba suka matso, hukuma ta umurce su su kora garkensu gabas. Ɗaya ƙauyen na masu lambun itatuwa ne, waɗanda suka tsaya suka yi yaƙin sunƙuru a duwatsu. Yanzu makiyaya suna so su koma gida. Masu lambu kuwa sun zo da takardar tsari: za su gina madatsar ruwa, su shayar da kwarin, su dasa itatuwa da inabi. Aka duba takarda, aka yi muhawara cikin raha, makiyaya suka haƙura suka bar musu kwarin. Don a yi murnar shiri sai aka kira mawaƙi ya ba da wani tsohon labari, labarin nan kuwa shi ne ainihin wasan.

Baranya da ɗan gwamna

A wani birni, ranar wani babban biki, aka yi juyin mulki aka sare kan gwamna. Matarsa Natela ta shagala da zaɓen tufafin da za ta gudu da su, har wuta ta kama ƙofar birni, ta tsere ta bar jaririnta Mishel a ƙasa. Barori duk suka watse, domin an san sababbin masu mulki za su nemi magajin gwamna su kashe. Wata baranya mai aiki a madafa, Gurusha, ta tsaya tana kallon yaron. An gargaɗe ta ta tafi. Ta zauna kusa da shi dare guda, da gari ya waye ta sungume shi ta nufi duwatsun arewa.

A kan Gurusha ne masu nazari suka fi daɗewa. Abin da suka lura da shi shi ne, Brecht bai mai da ita waliyyiya ba. Ba ta ɗauki yaron da niyyar riƙe shi ba. Ta sayi madara da kuɗin aikinta na mako guda tana gunaguni. Ta ma ajiye shi a ƙofar wasu manoma ta juya tana jin ta sauke kaya, sai da ta ci karo da sojan da ke farautarsa ta komo da gudu, ta buge shugabansu da gungumen itace. Ta ƙetare wata ruɓaɓɓiyar gada a kan rami mai zurfi wadda sojan ba su iya bi ba. A gidan wanta ba ta samu sakin fuska ba, domin matar gidan tana tsoron bakin mutane game da budurwa mai goyo. Don yaron ya sami sunan uba, ta yarda aka ɗaura mata aure da wani manomi da ake cewa yana bakin mutuwa. Ashe lafiyarsa lau, gudun shiga soja ne ya kwantar da shi. Da ya ji yaƙi ya ƙare sai ya miƙe. Da saurayinta Simon ya komo daga fagen fama ya tarar da ita matar wani, ga kuma yaro. Kowane mataki sai da ta biya shi da wani abu nata: kuɗi, lafiya, mutunci, da alkawarin aure. Malamai suna cewa jigon wasan a nan shi ne, wahala ce ta mai da ita uwa, kaɗan-kaɗan, ba tare da ta shirya ba. Ƙasar da ta san riƙo, wadda ake cewa ɗa na kowa ne, ba ta bukatar dogon bayani a kan wannan.

Alƙalin da ya zauna a kan littafin doka

Mutum na biyu da ake nazari shi ne Azdak, magatakardan ƙauye, mashayi, mai satar zomaye. A daren juyin mulki ya ɓoye wani tsoho mai gudun hijira, daga baya ya gane babban sarkin ƙasar ne. Cikin ruɗanin kwanakin nan masu saƙar darduma suka rataye alƙalin birni, soja kuma suka ɗora wa Azdak rigar alƙalanci don wasa. Ya yi shekara biyu yana shari'a. Yana miƙa hannu a ba shi toshiya a gaban kowa, yana ɗora littafin doka a kujera ya zauna a kai, yana haɗa ƙara biyu ya yanke su tare. Amma in an duba, mai kuɗi ne yake biya, talaka ne yake cin shari'a. Wata tsohuwa da manyan manoma uku suka yi ƙara a kan saniya da kuɗin haya, ya wanke ta, ya ci su tara.

Mai sauraron tatsuniya zai ga kamannin Gizo a jikinsa: ga wayo, ga tsoro, ga son ciki. Da ya ji masu mulkin da za su komo, rawar jiki ya kama yi yana alkawarin zai yi duk abin da aka ce. Masu nazari sun rabu a kansa. Wasu suna ganin shi ne gwarzon talakawa. Wasu kuma suna cewa Brecht ya sa shi ne don ya nuna munin zamanin: in har sai an samu ɓaragurbin alƙali, cikin hargitsi, bisa kuskure, kafin talaka ya ga adalci, to dokar ce ba ta da lafiya. Ra'ayi na biyu ya fi nauyi, domin a ƙarshen wasan Azdak tuɓe rigar ya yi ya ɓace, ba a sake ganinsa ba, masu mulkin da kuwa suna nan.

Gabansa aka kawo ƙarar yaro. Natela ta komo tana neman ɗanta, sai ɗaya daga cikin lauyoyinta ya yi suɓutar baki: dukiyar gwamna duka tana rataye da magaji, in babu yaron ba ta samun komi. Azdak ya sa aka zana da'ira da alli a ƙasa, aka tsai da yaron a tsaka, ya ce kowace ta kama hannu guda ta ja. Natela ta fizge shi. Aka sake, Gurusha ta sake saki, don ba ta iya yaga yaron da ta rena. Alƙali ya ba ta shi, ya mai da gidajen gwamna filin wasan yara, ya kuma raba aurenta da manomin nan yana cewa kuskuren sa hannu ne.

Mai karatu zai tuna da hukuncin Annabi Sulaimanu tsakanin mata biyu. A can, da kuma a wasan Sin, wadda ta saki yaron ita ce mahaifiyarsa. Brecht ya juya abin da gangan: a wurinsa wadda ta saki ba ta haife shi ba. Daga nan mawaƙi ya ɗaure labarin biyu wuri guda, ya nuna cewa yadda yaro ya dace da wadda ta kula da shi, haka kwari ya dace da masu shayar da shi.

Inda kwatancin ya yi rauni

Wannan ɗauri shi ne ya fi jawo gardama. A ƙasashen Yamma an sha nuna wasan ba tare da jayayyar kwarin ba, ana cewa farfagandar gurguzu ce. Wasu malamai kuma suka ce in an cire ta an cire kan wasan. Amma akwai tambayar da ta fi wannan: shin makiyayan sun yi kama da Natela? Ita ta yar da ɗanta saboda tufafi. Su kuwa ba su yar da kwari ba, umurni aka ba su su tashi, kuma sun komo.

Wannan tambaya ba ta takarda ba ce kawai a jahar Maraɗi. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, a ƙasar Dakoro kuwa kwarin Tarka ne alamar wannan iyaka. Arewa da ita ƙasar kiwo ce, kuma dokar ta ce in bisashe suka yi ɓarna a gonar da aka buɗe a can ba a biyan diyya. Amma jama'a ta ƙaru, gonakin kudu suka gaji, farin 1973 da na 1984 suka karkashe bisashe. Gonaki suka yi ta hawa arewa. Makiyaya da kansu suka shiga shuka hatsi kusa da rijiyoyinsu, wani lokaci don cimaka, wani lokaci don kawai a ga alamar cewa wurin yana da mai shi. Dalili kuwa a fili yake: gona tana da kunya da kara da ake gani da ido, makiyayar da garke ya bari da rani kuwa sai baƙo ya ɗauka daji ne marar mai shi.

A watan Disamba 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi jawabin da ya ce gona ta zama ta wanda yake noma ta. Wannan kusan shi ne hukuncin Azdak, aka fitar da shi daga dandalin wasa aka kai shi karkara. Talakawa da yawa masu noman aro sun sami gindin zama. Amma an ga ɗaya gefen kuma: masu gonaki suka ji tsoron ba da aro, ƙararraki suka yawaita, kuma maganar ba ta ce komi ba game da wanda amfaninsa da ƙasa kiwo ne. A Jojiyar Brecht an rabu ana dariya. A Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yara na makiyaya.

Bayan wannan ne aka kafa kundin tsarin karkara a watan Maris 1993, tare da kwamitocin kula da filaye, inda ma'aikata da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya suke zama tare. Kundin ya amince cewa makiyayi yana da mazauni na asali inda yake da fifikon amfani da ciyawa da ruwa, ko da ya yi watanni ba ya nan. Dokar kiwo ta watan Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta kuma tabbatar da iyakar 1961. Watau dokar Nijar ta amsa abin da wasan ya tsallake: kiwo ma raya ƙasa ne. Takin da garke ya zuba a gona bayan girbi, da rijiyar da aka haƙa aka yi ta yasa shekara da shekaru, da sanin lokacin da za a tashi don ciyawa ta huta, duk reno ne irin na Gurusha, sai dai ba a zana shi a takardar tsari.

Duk da haka ba za a ce Brecht bai ji muryar makiyayi ba. A farkon wasan, wani tsoho daga ƙauyen masu awaki ya kwance ƙunshi ya fito da cuku ya raba wa abokan jayayyarsa. Suka ci suka yaba. Tsohon ya ƙi karɓar yabon. Ya ce wannan cuku bai kama ƙafar na da ba, domin awaki ba su son ciyawar sabon wurin da aka kai su. Mutanen wajen suka yi dariya, aka wuce zuwa maganar madatsar ruwa. A kasuwar Dakoro da ta Sakabal, matan da ke kawo cuku daga rugagen Barmo da Gadabeji su ma suna bambanta na damina da na rani, suna kuma faɗa wa mai saye wace makiyaya garken ya kwana.