Shin Harsuna Biyu Suna Rikita Ƙwaƙwalwar Yaro?

An daɗe ana zaton cewa yaron da ya tashi da harsuna biyu kansa yakan rikice. A shekarar 1923 wani masani mai suna Saer ya gwada basirar yara kimanin 1,400 a yankin Wales na Birtaniya. Ya tarar yaran ƙauye masu jin harshen yankin da Ingilishi ba su kai masu Ingilishi kaɗai ba, sai aka ɗora wa harshe laifi. Abin lura shi ne, a birane kusan babu wannan bambanci, alamar cewa halin rayuwar iyaye yana da hannu a ciki.

A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert na Jami'ar McGill ta Kanada suka sake gwajin a birnin Montreal da yara 'yan shekara 10, amma suka kwatanta waɗanda matsayin iyayensu ya yi daidai. Masu Faransanci da Ingilishi suka yi zarra a yawancin gwaje-gwajen. Sai dai fa yaran da suka ƙware a harsunan biyu aka zaɓa, kuma har yau masana halayyar ɗan'adam suna muhawara kan wannan fifiko. Zancen cutarwa kuwa ya rushe.

Masana harsuna da na koyarwa sun kai binciken cikin aji. Daga 1970, a Jami'ar Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci shirin koyar da yaran firamare da Yarabanci shekara shida, Ingilishi kuma darasi ne kawai. Yaran suka fi takwarorinsu fahimtar darussa, Ingilishinsu ma bai yi rauni ba.