Kuɗin tallafi: ina suke, kuma wa ke samun su?

Duk wanda ya zauna rumfar kasuwa, ko a Maraɗi ko a Damagaram, ya sha jin ana cewa "furoje ya zo, ana rabon kuɗi". Sai ka ga mata sun bar tiren ƙuli-ƙuli sun nufi wurin fotokofi da katin shaidarsu, bayan wata shida kuwa shiru kake ji. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna mu bambance ma ƴan uwa ƴan kasuwa abin da ake kira tallafi da abin da yake bashi ne tsantsa.

Tallafi kuɗi ne da ba a mayarwa, amma da wuya a ba da su hannu da hannu a ce je ka yi abin da ka ga dama. Mu ɗauki misalin asusun FISAN da gwamnati ta kafa a 2017 domin noma da kiwo da sarrafa amfanin gona. Tsarin da aka san shi da shi kashi uku ne: mai sana'a ya kawo 10 cikin 100, a tallafa masa da 40, sauran 50 kuma bashi ne daga banki ko asusun lamuni. Wato idan ƙungiyar mata masu man gyaɗa na son injin miliyon 1, sai su aje jika 100 nasu, a ɗauke masu jika 400, su biya jika 500 tare da ruwansu. To, nan ne da yawa ke tuntuɓe. Sun ji kalmar tallafi, ba su ji ta bashi ba, ranar da ma'aikacin banki ya iso ƙofar gida sai rigima ta tashi, wata ma ta kai ga saida akuyarta. A ganinmu laifin ba na matan ba ne kaɗai. Masu zuwa bayani sukan yi shi da faransanci, a gurguje, su shiga mota su tafi.

Kafin a sa hannu, sai a tambaya da hausa ƙarara: nawa ne kyauta, nawa ne bashi, ruwan nawa ne, yaushe za a fara biya? Haka kuma a tambaya ko kuɗin hannu za a ba da, don sau da yawa mai saida injin ake biya kai tsaye.

Batun takardu ma na kayar da mutane. Masu ba da tallafi na son ganin katin shaida, da asusun ajiya, da takardar izinin ƙungiya idan ƙungiya ce. Ɗan kasuwa mai neman babban abu kuwa sai ya yi rajista ya samu lambar NIF da RCCM, aikin da Maison de l'Entreprise ke yi a Yamai. Mun san tsoron da ke zukata: wai da ka yi rajista masu haraji sun san ƙofarka. Gaskiya ne, sai dai wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin lissafin masu rabo. Abu mafi sauƙi, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne littafin ciniki. Kaye na ƴan lakkol ya isa, a rubuta abin da aka saya da abin da aka saida kullum. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta.

Mata na da wata ƙofa da maza ba su kama ba. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ya koya ma mata zubi mako-mako da ranta ma juna daga akwatinsu. Ƙungiyar da ta shekara uku tana zubi ba fashi, jika 100 ɗin nan na farko ba za su gagare ta ba, kuma littafinta shaida ne a gaban kowa.

Ga matasa masu waya da ɗan karatu, gidauniyar Tony Elumelu ta Najeriya na ba da dalar Amurka 5000, wajen sefa miliyon 3, ga waɗanda ta zaɓa daga ƙasashen Afirka tun 2015. Ana cike takardun ta intanet a farkon shekara, ba a biyan ko dala, amma masu nema dubbai ne.

Sai a sani kuma, tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 wasu ƙasashen Turai suka dakatar da taimakonsu, a 2025 Amurka ta rufe hukumar USAID. Furoje sun ragu, ƴan damfara kuwa sun samu kasuwa. Su ne masu turo saƙo ta WhatsApp, ko su zo unguwa da jakar takardu suna karɓar jika biyu-biyu "kuɗin buɗe dosiye", ba rasit, ba biro. Idan irinsu suka iso, a tambaye su sunan furojen, a aika mutum guda ma'aikatar magajin gari ko ofishin ƴan kasuwa na jiha ya binciko, sauran su riƙe kuɗinsu har ya dawo.