BAYANI: Yadda matuƙin jirgin yaƙi ke tsira bayan an harbo jirginsa

Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet na Rundunar Sojin Saman Najeriya a Jihar Zamfara, yana komawa daga farmakin da ya kai a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Jirgin ya tarwatse, amma matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya fita da ransa.

Abin da ya fara ceton sa ita ce kujerar da yake zaune a kai. Ba kujera ba ce kawai, domin akwai nakiya da ƙaramar roka a ƙarƙashinta. Idan matuƙi ya tabbatar jirgi ya ƙi jin linzami, sai ya ja wani mariƙi da ke tsakanin ƙafafunsa. Nan take gilashin da ke saman kansa ya fashe ko ya cire, kujerar ta cilla shi sama, sannan ta rabu da shi, laimar sauka ta buɗe. Duka wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Cillawar ba ta da sauƙi. Ƙarfinta kan danne mutum da fiye da ninki goma na nauyin jikinsa, shi ya sa matuƙa da yawa kan sauka da rauni a ƙashin baya. Mafi wuya kuma ita ce shawarar kanta, domin matuƙi kan so ya ceci jirgin, kuma jinkiri kaɗan a kusa da ƙasa na iya sa laimar ta kasa buɗewa a kan lokaci.

Sai dai a fagen yaƙi, sauka ƙasa somin-taɓi ne. Dairo ya dira ne a yankin mutanen da ya gama yi wa ruwan wuta, kuma suka bazama nemansa. A cewar rundunar, ya ɓuya a ƙauyukan kusa har rana ta faɗi, sannan ya yi amfani da wayarsa wajen gano hanya cikin duhu, har ya isa wani sansanin sojin ƙasa.

Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. Ranar 31 ga Maris na shekarar, wani Alpha Jet ɗauke da John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele ya ɓace a Jihar Borno. Sai a Maris ɗin 2022 sojoji suka gano tarkacensa a dajin Sambisa.