Fim ɗin da ya haɗa ƴan Italiya faɗa da kamfanin taba sigari a Amurka

Jama'a masu karatu, musamman ku da ke wuni a rumfa da bakin tebur, kun fi kowa sanin darajar suna. Da suna ake ɗauko kaya bashi daga Kano ko Kwatanu a biya bayan wata biyu, ba takarda ba shaida. In kuwa aka yaɗa cewa mutanen wuri kaza ba su da amana, to ko wanda bai ci ba bai sha ba sai an ƙirga canjinsa sau biyu. Shi ya sa yau muka ɗauko labarin wani tsohon fim na ƴan sanda da miyagu da aka yi a Amurka, wanda ya taɓa sunan wata al'umma har sai da maganar ta kai ga kayan ciniki da ƴan dako.

Sunan fim ɗin The Untouchables, waɗanda suka kalle shi da Faransanci kuma sun san shi da Les Incorruptibles, wato mutanen da cin hanci ba ya saye. Gidan talbijin na ABC ya nuna shi daga watan Oktoba na 1959 zuwa Mayu na 1963, kashi 118, kowane kashi wajen awa guda, baƙi da fari. Labarin na zamanin da Amurka ta hana yin giya da sayar da ita ne, daga 1920 zuwa 1933. Duk wanda ya zauna kusa da iyaka ya san abin da ke biyo bayan hani irin wannan: kaya ba ya ɓacewa, kuɗinsa ne ke tashi, ƴan fasa-ƙwabri su samu abin yi. A birnin Shikago, uban wannan harka shi ne Al Kapon, wanda gwamnati ta sa wani matashin jami'i, Eliyot Nes, ya riƙa farfasa masa wuraren dafa giya.

Iyakar gaskiyar ke nan, kuma ba ta da tsawo. Ba ma samamen Nes ne ya kai Kapon kaso ba. Masu bin lampo ne suka bi takardun kuɗinsa, a 1931 alƙali ya yanke masa shekara 11 saboda ƙin biyan haraji. Nes ya mutu a 1957, shekarar da littafin da ya yi tare da ɗan jarida Oscar Fraley ya fito. To masu fim na buƙatar sabon mugu kowane mako, na gaske kuwa ba su isa ba. Sai suka riƙa haɗa Nes da mutanen da bai taɓa gamuwa da su ba, kamar wata tsohuwa Ma Barker da ƴaƴanta, har shugaban FBI, Edgar Hoover, ya yi ƙorafi cewa an ɗauke aikin mutanensa an ba wani. Da waɗannan ma suka yi kaɗan, sai aka shiga ƙirƙirar miyagu, kuma da yawansu aka laƙaba musu sunan Italiya.

Wanda ya zauna kallon fim ɗin yau, harbe-harben da suka tada hankalin iyaye a 1960 ba za su dame shi ba, yaranmu sun ga abin da ya fi haka. Abin da zai tsaya masa a wuya shi ne yadda suna ya zama shaida. Da an ambaci sunan mutum ya ƙare da "o" ko "i", ka riga ka san inda aka dosa. An sa wa Kapon harshe mai nauyi kamar wanda ya sauko daga jirgin ruwa jiya, alhali a Burukilin ta Niyu Yok aka haife shi a 1899. Shi kuwa Nes, mai tsabtar riga da tsabtar hannu, da wuya ka ji an tada zancen asalinsa, ga shi kuwa shi ma ɗan baƙi ne: iyayensa daga Norwe suka zo, gidan burodi gare su a Shikago. Ɗan baƙo guda an mai da shi cikakken ɗan ƙasa, ɗayan an bar shi baƙo har abada.

A yi wa fim ɗin adalci: ya nuna miyagu na wasu jinsuna, irin su Dutch Schultz da Bugs Moran, kuma Kapon da mataimakinsa Frank Nitti ba ƙirƙirarsu aka yi ba. Amma akwai wata dabara da ta ƙara wa abin dafi. Muryar da ke ba da labari a kowane kashi ta Walter Winchell ce, sanannen ɗan jarida da Amurkawa suka shekara da shekaru suna jin labarai daga bakinsa a rediyo. Yakan faɗi rana da wata da sunan titi da sauri-sauri kamar mai karanta labaran dare. Ke nan mugun da marubuci ya ƙirƙira a ofis da safe, da dare an ba shi rigar tarihi. Mai kallo ba shi da hanyar rarrabe tsaki da tsakuwa.

Don a gane zafin da ƴan Italiya suka ji, sai an koma baya kaɗan. Tsakanin 1880 da farkon shekarun 1920, ƴan Italiya fiye da miliyan 4 suka shiga Amurka, yawancinsu talakawan kudu ne da tsibirin Sisili. Leburanci suka yi, da aski, da ɗinki, da gyaran takalma, da tura baro ana sayar da lemu da ayaba da kayan miya. A birnin Niyu Oliyans, inda ƴan Sisili suka yi ƙarfi a cinikin ƴaƴan itace, an harbe shugaban ƴan sanda a 1890. Aka kama ƴan Italiya da dama, kotu ba ta samu kowa da laifi ba, amma ranar 14 ga Maris na 1891 dubban mutane suka fasa gidan kaso suka kashe 11 daga cikinsu. A 1924 kuma aka yi dokar da ta rage masu shigowa daga Italiya zuwa wajen 4000 a shekara. Jikokin waɗannan mutane ne ke zaune gaban talbijin a 1959, sun yi makaranta, sun yi wa Amurka yaƙi, wani ɗan asalin Italiya, Fiorello La Guardia, ya riƙe magajin garin Niyu Yok daga 1934 zuwa 1945, sai ga shi kowane mako ana tuna wa maƙwabta tsohon zargi.

Ga wani mutum da ya kamata ƴan kasuwa su sani, wanda labarinsa bai dace da irin wannan fim ba. Amadeo Giannini ɗan baƙi ƴan Italiya ne, dillalin kayan lambu a San Faransisko. Ya ga bankuna ba sa kula ƙananan ƴan tireda da masu kamun kifi, sai a 1904 ya buɗe nasa, Bank of Italy. Da girgizar ƙasa da gobara suka cinye birnin a 1906, ya fitar da kuɗin bankin a amalanke ƙarƙashin akwatunan lemu, bayan ƴan kwanaki ya shimfiɗa katako kan ganguna a bakin tashar jiragen ruwa yana ba mutane bashi bisa sanin halinsu. Wannan banki ne ya koma Bank of America a 1930. Amma mai ba da bashi ba ya harbi, ba zai cika awa guda a talbijin ba.

To yaya aka yi da fim ɗin? An rubuta wasiƙu, ƙungiyoyi sun yi kuka, mawaƙi Frank Sinatra ya nuna fushinsa, abin bai motsa ba, don fim ɗin na cikin goma na farko da aka fi kallo a ƙasar. Sai aka gano inda kuɗin ke fitowa. A can masu talla ne ke ɗaukar nauyin shiri, kuma cikin masu ɗaukar nauyin wannan akwai kamfanin Liggett & Myers mai tabar Chesterfield da L&M. A watan Maris na 1961 aka yi zanga-zanga a ƙofar ABC a Niyu Yok ana kiran jama'a su daina sayen tabar kamfanin, shugaban sandikar ƴan dakon tashar jiragen ruwa ta Burukilin, Anthony Anastasio, yana cikin sahu, ana kuma barazanar cewa mutanensa ba za su taɓa kwalin kamfanin ba. Hajiya mai kanti ta san ma'anar wannan: kayan da bai sauka ba, ba ya sayuwa. Cikin ƴan kwanaki kamfanin ya ce ya janye tallarsa, wai saboda an canza lokacin nuna shirin ne. Kowa dai ya ji abin da ya ji.

Mai kamfanin da ke shirya fim ɗin, Desi Arnaz, ya zauna da wakilan ƴan Italiya aka daidaita: ba za a ƙara ba mugun ƙirƙira sunan Italiya ba, za a ƙara fito da Rico Rossi, wanzamin da ya zama na hannun daman Nes a cikin labarin, za a kuma nuna alherin da ƴan Italiya suka kawo wa ƙasar. Abin dariya, wanda ke fitowa a matsayin Rossi ɗin asalinsa Girka ne. Shi kansa Arnaz baƙo ne daga Kuba, wanda ya yi suna a wasan barkwanci inda ake dariyar karyayyen Ingilishinsa, kuma makaranta ɗaya suka yi da ɗan Kapon a Mayami. Iyalin Kapon ma sun kai ƙara kotu kan fim ɗin, ba su ci ba.

Inda zancen ya yi sarƙaƙiya shi ne nan. Anastasio, mai kare mutuncin al'umma, ɗan'uwan Albert Anastasia ne, ɗaya daga manyan shugabannin miyagun Niyu Yok, wanda aka harbe a kujerar wanzami a 1957. Haka kuma bayan shekara goma, ƙungiyar da ta sa aka cire kalmar Mafiya daga fim ɗin The Godfather na 1972, Joe Colombo ne ya kafa ta, shi ma shugaban gungu ne, aka kuma harbe shi a taron ƙungiyar a watan Yuni na 1971. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, ga shi kuma shi ne a gaba wajen roƙon a daina jifa. Wasu sun riƙe wannan suna cewa ashe duk kukan na ƙarya ne. A ganina ba haka ba ne. Mai sayar da tumatir da aka kira ɗansa Kapon a makaranta yana da gaskiya, ko wane ne ya ɗaga masa kwali a titi. Iyaka dai miyagun sun ci riba sau biyu: sun ɓata sunan, sun kuma fake a bayansa.

Canza sunaye bai kashe wannan ciniki ba. Abin da ya canza daga baya shi ne mai riƙe da kyamara. The Godfather, Francis Coppola ne ya shirya shi daga littafin Mario Puzo, dukansu jinin Italiya. The Sopranos, wanda aka nuna daga 1999 zuwa 2007, na David Chase ne, shi ma haka. Su ma akwai kisa a cikinsu, amma an shiga da kai cikin gida: ga uwa, ga biki, ga suna, ga ɗan da ke jin kunyar sana'ar ubansa. A The Untouchables kuwa daga waje ake leƙen su, ta idon ɗan sanda, shi ya sa ya tsufa fiye da shekarunsa. Duk da haka rigimar ba ta mutu ba: a 2002 masu shirya faretin ƴan Italiya na Niyu Yok sun ƙi yarda biyu daga ƴan wasan The Sopranos su shiga, magajin gari Bloomberg da ya gayyace su ya fasa zuwa shi ma.

Da aka sake yin labarin Nes a sinima a 1987, Brian De Palma ya sa wani matashin ɗan sanda da ya ɓoye sunansa na Italiya ya koma George Stone don ya samu shiga. Wannan ba nisa yake da gaskiya ba. Babban wan Al Kapon, Vincenzo, ya bar gida tun yana yaro, ya koma Richard Hart, ya zauna a wani ƙaramin gari, Homer, a jihar Nebraska. Aikin da ya yi a shekarun 1920 shi ne jami'in hana giya, yana fasa tukwanen masu dafa ta a ɓoye, lokacin da ƙanensa ke mulkin Shikago. Sai a farkon shekarun 1950 jaridu suka tona ko shi wane ne, ya mutu a 1952, ba a kuma yi fim a kansa ba sai 1990. Birnin Niyu Oliyans kuwa, sai a watan Afrilu na 2019 magajiyar garin, LaToya Cantrell, ta nemi gafara a bainar jama'a kan mutane 11 ɗin nan, shekara 128 bayan kashe su.