Aikatan Buri da Bukata a Jamusanci da Takwarorinsu a Hausar Ƙwanni da Adar

1. Gabatarwa

Masana Jamusawa sun daɗe suna nazarin Hausa. Schön ya wallafa nahawunsa a 1862, Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, sa'an nan Jungraithmayr da Möhlig suka rubuta littafin koyon Hausa a 1976. Wannan maƙala ta kwatanta yadda harsunan biyu ke bayyana so da buri da bukata, domin amfanin masu fassara da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci a gundumomin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela na jahar Tawa.

2. Tsarin Jamusanci

Jamusanci yana ware wa kowace ma'ana aikatau nata:
(a) wollen: so mai haɗe da niyya. Ich will gehen, “Ina so in tafi.”
(b) möchte: so cikin ladabi, siga ce ta aikatau mögen. Ich möchte Wasser, “Ina son ruwa, don Allah.”
(c) wünschen: fata.
(d) brauchen: bukata.
(e) müssen da sollen: tilas da kamata.

Idan mai so shi ne mai aikatawa, aikatau na biyu ba ya ɗaukar lamiri. Idan kuwa mutum biyu ne, sai a buɗe wani sashen jimla da dass: Ich will, dass er kommt, “Ina so ya zo.”

3. Tsarin Hausa

Hausa ta ɗora yawancin wannan nauyi a kan kalmar so da wasu sunaye, wato fata, bukata, marmari, dole da tilas, tare da lokaci umartau. Ko mai aikatawa ɗaya ne ko biyu, ginin bai sauya ba: ina so in tafi, ina so ka tafi, dole mu tafi. Ladabin da möchte ke ɗauke da shi kuwa, Bahaushe yana kawo shi ne da don Allah, ko ɗan, ko kuma da gaisuwar da ta gabaci roƙo.

A karin harshen yamma, wanda ya haɗa Ƙwanni da Sakkwato da Adar, lamirin umartau na namiji shi ne shi, a inda Kano ke cewa ya, kamar yadda Caron ya bayyana game da Adaranci a 1991. Saboda haka ake jin ina so shi taho. Haka nan biɗa tana tsayawa a gurbin nema.

4. Wuraren da ake tuntuɓe

Na farko, korewa. Du musst nicht kommen da Du brauchst nicht zu kommen duka suna nufin “ba dole ba ne ka zo”. Hani kuwa da dürfen ake yin sa: Du darfst nicht kommen, “kada ka zo”. A takardar bayanin magani ko ta feshin gona, sanya “ba dole ba” a wurin “kada” yana iya jawo hasarar rai.

Na biyu, rubutu. Ina so shi sha da ina son shi harafi ɗaya ya raba farkonsu. Ta farko umurni ne a kan wani aiki, ta biyu ƙauna ce. Sabon mai karatu a Illela, wanda shi ke cika masa gurbi biyu, zai fi ɗan Kano saurin ruɗewa idan an rubuta -n a inda bai dace ba.

5. Shawara

Ya kamata littattafan manya na wannan yanki su riƙa rubuta so kafin umartau, son kuma kafin suna. Ya kamata kuma a koyar da shi da ya tare tun darussan farko, a matsayin sigogi biyu na lamiri ɗaya. Duk jimlar hani da aka fassara daga wani harshe, a karanta wa mazauna wurin ita, a tambaye su abin da suka fahimta, kafin a kai ta maɗaba'a.