Ƙaramin Kulob Ba Ya Hijira: Batun Filayen Ƙwallo a Sinja da Kewaye

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓar Sinja a watan Nuwamba na 2024, bayan kusan wata biyar tana hannun dakarun RSF, ake jin masu cewa gyaran filin ƙwallo zai iya jira, domin a ganinsu yaƙi bai taɓa ƙwallon ƙasar ba. Hujjarsu ita ce Hilal da Marikh na Omdurman sun buga gasar Muritaniya a kakar 2024/2025, daga baya suka shiga ta Ruwanda, ita kuma ƙungiyar ƙasa a hannun Kwesi Appiah ɗan Ghana ta samu gurbi a gasar kofin Afirka ta 2025 tana karɓar baƙinta a ƙasashen waje.

Wannan lissafi ya tsallake tushen abin. Waɗancan kulob biyu suna da attajirai masu ɗaukar nauyinsu, amma ƙaramin kulob na Sinja ko Sannar ko Maiwurno, rayuwarsa tana ƙarƙashin ittihad mahalli ne, wato hukumar ƙwallon gari, wadda ke raba ƙungiyoyi zuwa aji-aji, sai zakaran ajin farko ya shiga gasar ta'ahili ta neman hayewa zuwa Mumtaz, babbar gasar ƙasa. Irin wannan kulob ba shi da kuɗin jirgi, abin da yake samu kuɗin ƙofa ne da gudummawar 'yan kasuwar unguwa, 'yan wasansa kuwa samari ne da suka taso a dafuri, ƙwallon da yara ke bugawa a fegi da yamma. Duk ranar da aka rufe filinsa, ranar ce aka rufe shi.

Abin da jama'a suka fi jahilta shi ne halin ƙasar filin kanta. Baƙar lakar Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu tana dardarewa da rani har ƙafa ta faɗa cikin tsaga, da damina kuma ta kumbura ta riƙe ruwa, saboda haka filin da aka bari shekara guda tamkar gona ce da aka bari ba noma, sai an sake baje shi, an haƙa magudanai, an tanadi ruwan ban ciyawa kafin ya karɓi wasa ba tare da karya ƙafafun yara ba. Kafin duk wannan, wajibi ne ƙwararru su bincika ko akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. Fentin katanga, wanda jami'ai suka fi so domin shi ake gani ranar biki, ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Gwamnatin jihar Sannar da hukumar ƙwallon gari da 'yan kasuwar Sinja su fara da ƙasa da ruwa da tsaron rai, rumfar manyan baƙi ta biyo baya.